Buhunan Tagulla a Ƙarƙashin Gadon Baba

Shekarar da tagulla ta yi tsada, gidanmu na unguwar Manfuha a Riyad ya cika da masana harkar ƙarfe. Mutanen da watan baya ba za su iya bambance tagulla da marfin gwangwanin madara ba, sai ga su zaune bayan la'asar suna duba waya, suna girgiza kai, suna cewa kasuwar duniya ta motsa. Har da ni a ciki, kada a ce na ware kaina. Ni direba ne, ina jan motar wani sito a Sana'iyya ta Biyu, unguwar masana'antu da ke kudancin Riyad, kuma iyakar sanina da ƙarfe shi ne yana da nauyi ranar da za a sauke shi.

Mutum ɗaya ne a gidan ya san tagulla da gaske, shi ne kuma bai taɓa tambayar farashinta ba. Dattijo ne daga Damagaram, muna ce masa Baba. Ɗakinmu ɗaya, gadonsa na jikin taga, nawa na bakin ƙofa. Gidansu gidan maƙeran fari ne, irin waɗanda ba ruwansu da fartanya da gatari, aikinsu su narka tagulla su zuba munduwa da zobba da ƙararrawa. Maƙerar ubansa ta tsaya tun yana da sauran ƙarfinsa, lokacin da kayan ƙyale-ƙyale masu araha suka cika kasuwa, ita kanta tagullar kuma ta yi wuyar samu. Aka rufe rumfar da kayan aikin a ciki, Baba ya biyo hanya neman abinci. Da ya iso Riyad aka dubi wannan hannu da ya gaji zubi tun kaka da kakanni, aka ga babu abin da ya dace da shi kamar tsintsiya.

Shara yake yi a wani filin wasan harbi da ke bayan gari. Wuri ne da masu hali ke zuwa da bindigoginsu masu lasisi, su biya kuɗi, su toshe kunnuwa, su yi ta harbin takarda. Takardar ba ta yi musu komai ba. A ƙauyenmu na ƙasar Maraɗi, in ka ji ƙarar bindiga to ko dai za a ci nama a wani gida, ko ɓarawo ya shigo gari. Nan kuwa sai a wuni ana ɓarin wuta, in an gaji a shiga mota a je a sayi gasasshiyar kaza. Duk harsashin da aka harba, kwansonsa na tagulla yakan faɗo ƙasa, shi ne Baba ke sharewa.

Da can juji ake kai su. Baba ya ce ranar da ya fara ganin ana juye tagulla a bola tare da kofunan shayi, sai da ya nemi wuri ya zauna. Ya je wurin mudir, wato shugaban wurin, ya roƙa a bar masa. Mudir ya ce ya ɗiba, mafi mushkila, wato ba damuwa, ai shara ce. Tun daga ranar Baba ba ya dawowa gida sai da ƙulli a cikin ledar abincinsa.

Ba don sayarwa yake tarawa ba. Wannan kowa a gidan ya sani, don ya faɗa mana har mun haddace. Zai koma Damagaram da tagullarsa, ya buɗe rumfar ubansa, ya hura wuta, ya yi zubi ko da na shekara ɗaya ne kafin ƙasa ta rufe masa ido. Ba shi da wani buri bayan wannan. Wasu na tara kuɗin fili, wasu na mota, shi kuwa buhunan shinkafa yake cikawa yana turawa ƙarƙashin gado.

Akwai kuma yadda yake ajiye su. A gidansu, in an samo tsohon ƙarfe mai rami, buta ce ko kwano, ba a ajiye shi haka. Sai an doke shi ya lafe, don ya shiga tukunyar narki ba tare da cin wuri ba, kada kuma danshi ya ɓuya a ciki ya yi tartsatsi ranar aiki. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, saboda haka duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai Baba ya hau rufin gida da guduma da wani guntun ƙarfe da ya mai da maƙera, ya bi kwanson nan ɗaya bayan ɗaya. Rana ɗaya ce muke da ita ta hutu a mako, Baba kuma ya duba ya ga babu ranar da ta fi ta dacewa da ƙira. Mun yi ƙorafi, mun yi roƙo, ni har auduga na saya. Shi dai ya ce mu yi haƙuri, aiki ne ba ya son a bar shi ya taru.

Sai farashi ya fara hawa. Ba a waya muka fara gani ba, a banɗakin masallacin unguwa muka gani. Wata safiya muka je alwala muka tarar kawunan famfo sun yi tafiya, wani bawan Allah ya kwance su cikin natsuwa, bai ko ɓata bango ba. Aka sa na roba. Motocin masu sayen sikrab, wato tsohon ƙarfe, waɗanda da sai an jima ake ganinsu, suka koma zagaya lunguna safe da yamma. A daidai wannan lokaci ne kafilin Baba, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya kira shi ya ce in iƙamarsa, wato takardar zama, ta ƙare a bana ba za a sabunta ba, shekaru sun ja, ya fara shirin tafiya gida.

Shugaban masananmu wani ɗan Tasawa ne da ke dafa shayi a wani ofis. Da yake yana shiga da tire lokacin da manya ke taro, ya ɗauka shi ma yana cikin taron. Kullum yana dawowa da labarin abin da zai faru da dala da mai da jan ƙarfe, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa bai sani ba. Shi ne ya fara yi wa ƙarƙashin gadon Baba wani irin kallo. Mutumin da da yake cewa buhunan nan ne ke kawo mana kyankyaso, sai ga shi yana gaishe da Baba har da rusunawa, yana tambayarsa ko ƙafa ta yi sauƙi.

A filin harbin ma abin ya isa. Ashe cikin masu zuwa akwai waɗanda sha'awarsu ita ce su sake cika kwanso da hannunsu a gida, su dawo su harba. Da kwanso yana da araha ba su damu da na ƙasa ba. Da ya yi tsada, sai Baba ya ga abin da bai taɓa zato ba. Manya masu farar riga, waɗanda ko biro ne ya faɗi sai an ɗauko musu, suna durƙushe suna tsince-tsince kamar kaji a masussuka. Wani ya fara zuwa da zanen gado yana shimfiɗawa a gefensa kafin ya yi harbi. Wasu biyu sai da aka raba su, kowa na rantsuwa cewa kwanson da ya gangara ƙarƙashin kujera daga bindigarsa ya fito. Mudir ya sayo durom mai kwaɗo, ya ce daga yau duk abin da aka share dukiyar kamfani ce. Mai gadi kuma ya fara leƙa ledar abincin Baba a bakin ƙofa, cikin ladabi, yana ce masa hajji.

Baba bai yi fushi ba. Ya ce abin da ya tara ya isa ya tashi wuta.

Cikin masu sake cika kwanson nan akwai wani dogo, injiniya ne aka ce. Ya ji daga bakin mudir cewa tsohon nan mai shara ya shekara da shekaru yana kwashewa. Ya tare Baba ya yi masa dogon bayani da Larabci. Larabcin Baba kuwa bai wuce gaisuwa da karɓar umarni ba, saboda haka ya yi abin da dukanmu muke yi in Balarabe ya yi dogon bayani, ya ce in sha Allahu. Mutumin ya karɓi kwatancen gida, ya ce yana nan tafe ranar Juma'a bayan la'asar.

Da mai shayi ya ji, ya kusa kasa cin abinci. Ya zaunar da mu ya yi mana karatu. Ya ce sikrab a kilo ake saye, amma masu wannan sha'awa ɗai-ɗai suke saye, kuma abin da za su biya ya ninka na mai sikrab ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ya ce Baba ya zama attajiri yana kwance a kan dukiya bai sani ba. Ko ɗaya daga cikinmu bai tuna da rufin gida ba. Shekaru muna toshe kunne saboda gudumar nan, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi mai saye irin wane kwanso yake so.

Ranar Juma'a aka aro darduma daga maƙwabta, aka sayo dabino, aka turara ɗaki. Motar baƙon ta kasa shiga lungunmu, sai da ya bar ta a bakin titi ya tako, yana tattare riga. Ni aka sa tafinta. Aka sha gahawa, aka tambayi iyali, sannan mai shayi da kansa ya durƙusa ya jawo buhu ɗaya daga ƙarƙashin gado, ya kwance bakinsa yana murmushi.

Baƙon ya sa hannu ya ɗebo. Ya buɗe tafinsa ya duba. Ya zubar, ya sake cusa hannu har gwiwa, ya ɗebo daga ƙasa. Ya ce a jawo wani buhun. Aka jawo. Kowane kwanso a lafe yake kamar tsohon kwabo.

Ya dube ni ya ce, "Kullu kida?"

Na ce wa Baba, "Yana tambaya ko duka haka suke."

Baba ya gyara zama. "Gaya masa ko ɗaya ban tsallake ba."

Na gaya masa. Mutumin ya dafe goshi. Ya tsinci guda ɗaya, ya kai shi kusa da taga, ya karanta rubutun da ke gindinsa, ya ce irin wannan ya daɗe yana nema, ba a samunsa yanzu ko da kuɗi. Ya riƙe shi yana juyawa, idonsa har ya kaɗa. Ya ce, "Haram alaik, ya hajji."

Baba ya ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ka ɓata su, Baba."

"Na ɓata? Rabin aikin na rage masa. Yanzu sai dai kawai ya zuba a tukunya."

"Ba narkawa zai yi ba. Sake cika su zai yi ya harba, kuma sai bakin yana nan a zagaye."

"Ya harbi me?"

"Takarda."

Baba ya miƙa hannu ya karɓi kwanson da ke hannun baƙon, ya mayar cikin buhu, ya ɗaure bakinsa da kyau. Ya ce, "To Allah ya tsare tagullar nan. Wa ma ya ce masa ta sayarwa ce? Ni na ɗauka gani zai zo yi."

Wannan ban fassara ba. Na ce wa baƙon Baba yana ba shi haƙuri. Ya tashi ya tafi, bai ko ƙarasa gahawarsa ba.

Mai shayi ya jira har aka daina jin takunsa, sannan ya juyo. "Baba, da hannunka ka daka arzikinka. Da hannunka, kowace Juma'a, muna ji."

Baba ya ce, "Ɗana, kai da kake ji, me ya hana ka hau ka faɗa mini?"

Daga ranar gaisuwar rusunawa ta ƙare, buhunan kuma suka koma kawo kyankyaso.

Saura yadda za a kai kaya gida, ga kuma iƙama tana ta ƙaratowa. Na ɗauki Baba muka je wurin wani Bahaushe mai harkar kargo a wajen Dira, wanda ke aika mana barguna da dabino da firji zuwa gida. Baba ya ciro kwanso ɗaya daga aljihu ya ajiye masa a tebur. Mutumin ya ja kujerarsa baya.

Ya ce, "Baba, don Allah mayar da shi aljihu. Sikrab ba ya fita ƙasar nan sai da takardu, takardun kuma ba na irinmu ba ne. Wannan kuwa ko ka daka shi ya zama gari, in aka gane mene ne, ni da kai da kafilinka duk za mu kwana inda ba mu shirya ba. Kayan ado, kwanuka, tsaraba, waɗannan ina ɗauka. Wannan ka sayar da shi nan, ka sa kuɗinka a aljihu, ai yanzu ne ma lokacinsa."

Muka fito. Baba ya shiga mota, muka kama hanya. Na tausaya masa ƙwarai, don na san in ya sayar, kuɗin ba za su kai Damagaram su koma tagulla ba. Za su tarar da masu jira, kowa da lalurarsa, kuma duk gaskiya ce. Can sai ya ce, "Ɗana, a Sana'iyyar nan taku babu inda ake narka ƙarfe?"

Akwai. Wata 'yar ƙaramar masana'anta ce da nake kai wa kaya, suna zuba mariƙin ƙofa da kan famfo. Shugaban ma'aikatan mutumin Pakistan ne. Ya nemi izinin mai wurin, suka yarda Baba ya yi amfani da murhunsu ranar Juma'a in babu aiki, su kuma a bar musu wani kaso na tagullar. Kason bai yi kama da na tausayi ba, amma ba mu da wata ƙofa.

Haka muka riƙa loda buhuna a motata. Baba ya ce munduwa zai zuba, masu kauri, ba ado, irin waɗanda tsofaffinsu ke ajiye tagulla da su in ba a tashi aiki ba. Munduwa kayan ado ce, mai kargo ba shi da ta cewa. Ya tattare hannun riga, ya danna yashi a akwati, ya fitar da zagaye, ya tsaya a kan tukunya yana kallon launin wuta. Bai bar ƙorafi ba. Ya ce wannan wutar gas ba ta da kunya, ba a lallashinta, murɗawa kawai ake yi. Ya ce yashinsu ya cika laushi. Amma duk zamana da shi ban taɓa ganin farin ciki a fuskarsa irin na waɗannan ranaku ba, ni ma kuma na ji daɗi har cikin raina. Da na yaba wata munduwa da ta fito sumul, sai ya harare ni.

Ya ce, "Wannan ba aiki ba ne, ɗaurin kaya ne. Aiki sai a rumfar ubana, da kayan aikin ubana. Ranar za ka ga abin yabo."

Mai kargo ya auna, ya karɓa, har ya roƙi guda ɗaya don uwarsa. Baba ya riga kayan tafiya, don su ta ruwa za su bi. Muka raka shi filin jirgi, ni da mai shayi, wanda ya yi ta ba shi shawarar lokacin da ya kamata ya sayar in ya isa. Aka kawo wani yaro ɗan Madarumfa aka ba shi gadon jikin taga, Juma'a kuma ta koma shiru.

Watanni suka wuce. Wata rana ina zaune a mota ina jiran a gama lodi, sai ga kiran Baba. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da mai gadin filin harbi. Ya ce kaya sun iso lafiya, ko ɗaya bai ɓata ba.

Na ce, "Alhamdu lillahi. To an hura wuta?"

Ya ce, "Rumfar dai tana nan."

Na jira.

Ya ce da ya buɗe sai ya tarar da ƙasa a share. 'Ya'yan ƙanensa sun kira mai gwangwan, wato mai sayen tsohon ƙarfe na can gida, ya zo da sikeli da amalanke. Uwar maƙera, wadda tun kakansa ake dukan ƙarfe a kanta, wadda in rigima ta yi tsanani a unguwa ake zuwa a dafa a rantse, ta tafi a kilo. Masaba ta tafi, awartaki ya tafi, tukwanen narki sun tafi. Zugazugi kaɗai suka bari, da yake fata ce, ita ma ɓera ya gama da ita.

"Sun ce kada in damu, ba su yi gaggawa ba. Sai da suka jira farashi ya hau sosai. Babur suka saya. Da shi suka ɗauko ni daga tasha."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, a nemi wata mana. Mu nan za mu haɗa abin da ya samu."

Ya ce, "Za a samu wata a kasuwa. Amma ba a kanta aka fara kama mini hannu ba."

Masu lodi suka buga jikin mota, alamar sun gama. Na ɗaga musu hannu su dakata.

Baba ya ce jiya mai gwangwan ɗin ya zo gaishe shi. Ya ce yaro ne mai tarbiyya, har ƙasa ya durƙusa, ya yi masa barka da sauka, ya tambayi mutanen Makka. Sannan ya ce ya ji labarin Baba ya zo da munduwa masu nauyi, shi kuma sikelinsa na gaskiya ne, kowa ya shaida.

Na ce, "Ka kore shi dai."

Ina jin kukan awaki a bayan Baba.

Ya ce, "Ban kore shi ba, ɗana. Na ce ya dawo bayan sallah."